Kai Tirela Baye

Talata, 4 ga wata, bakwai na safe

Littafin awon mutane ne wannan, na juyo shi ta baya. Jiya na yanka hannun riga biyu duk na hagu, a yadin wata mata da ba ta san haƙuri ba. In ban sauke abin da ke kaina a wani wuri ba, shagon ɗinkin ma rufe shi zan yi.

Yau kwana biyar da kwantar da mijina, Baban Auta, a asibiti. Gado na huɗu daga ƙofa, gefen tagar da ba ta rufuwa. Yana buɗe ido, yana gane ni. Hannunsa na dama da ƙafarsa suna nan inda ma'aikaciyar jinya ta ajiye su. Magana babu, sai wani sauti daga maƙogwaro. Ranar Asabar likita ya ja ni baranda ya yi min bayani. Ba zan rubuta shi ba.

Maganar goɗiya zan rubuta. Shekara talatin mutumin nan yana jan babbar mota, da ya ajiye tuƙi sai ya sayo goɗiya, ya gina mata barga a bayan gida, ya sa mata suna Tirela, wai doguwa ce kuma ba ta juyawa sai an ba ta fili. Shekararta tara a gidan nan ban taɓa ɗora mata hannu ba. Tsoronta nake ji. Yanzu ni ke zuba mata dusa, daga nesa, in ja da baya da sauri kamar mai zuba mai a wuta.

Talata, bayan la'asar

Wayarsa tana hannuna. Ɗazu ta yi ƙara, wata murya ta dattijo: "Ina Direba? Ya yi shiru."

Na ce ba shi da lafiya. Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce shi ne mai ingarma, na gonar dawaki ta bayan gada. Wai sun yi magana da Direba zai kawo goɗiyarsa baye cikin watan nan, ya riƙe masa wuri. Na ce me ake nufi da baye. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya ce, "Baiwar Allah, a haɗa ta da namiji ta samu ciki."

Na san zancen. Ba yau na fara jin sa ba. Kawai dai na so in ji shi a bakin wani.

Na ce zan kira shi.

Laraba, 5 ga wata, tsakar rana

Ban kira ba.

Alhamis, 6 ga wata, tara na safe

Kafinta ya zo, ƙanin Baban Auta. Ya tsaya a ƙofar barga yana kallon Tirela kamar mai auna katako.

"Matar Yaya, mu yi maganar gaskiya. Dabbar nan ci take yi kullum. Asibiti ma ci yake yi kullum. Ɗaya za ki iya ciyarwa. Akwai wanda zai saye ta yau."

Na ce, "Ka bari ya tashi ya sayar da abarsa."

Ya dube ni. Na dubi bokitin ruwa. Shi ma yana barandar ranar Asabar.

Da na gaya masa zancen mai ingarma sai ya kama ƙugu yana dariya. "Baye? Yaya yana kwance, ke kuma za ki yi wa doki biki? Ke da ko wutsiyarta ba ki taɓa taɓawa ba?" Na ce shi ma ban ga ya taɓa ba. Ya matsa don ya nuna min, ta kwantar da kunne, ya dawo inda yake.

Ba ƙarya ya faɗa ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Juma'a, 7 ga wata, biyar na yamma

Ma'aikaciyar jinya ta koya min dabara: in sa hannuna cikin nasa na hagu, matsa ɗaya na nufin i, biyu na nufin a'a. Na gwada. Kana jin yunwa? Ɗaya. Ni ce matarka? Ɗaya. Ke nan yana aiki.

A sayar da Tirela? Biyu, da ƙarfi, har zobena ya shige min yatsa.

A kai ta baye? Ɗaya. Sai kuma bayan ɗan jim, wani ɗaya.

To wannan i ne sau biyu, ko a'a ce a hankali? Na sake tambaya, ya rufe ido. Na tambayi ma'aikaciyar jinya, ta ce ita ba a koya mata wannan ba.

Asabar, 8 ga wata, sha ɗaya na safe

Na samo lambar likitar dabbobi a wayarsa, ta zo. Yarinya ce, ba ta fi Autata ba, da takalmin roba har gwiwa. Ta shiga bargar kamar ɗakinta, ta ɗaga leɓen Tirela, ta duba haƙora, ta ɗaga ƙafafu ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce shekarun Tirela sha shida. Ta taɓa haihuwa sau ɗaya kafin a sayo ta, wannan alheri ne, amma an daɗe. In za a yi, bana ne ko baɗi, bayan nan sai dai a haƙura. Kuma nan da kwana huɗu ko biyar za ta fara neman namiji, in ya wuce sai bayan mako uku.

Na ce nawa ne abin zai ci. Ta ce, "Mama, zauna tukuna." Na zauna a kan buhun dusa.

Wai akwai gwajin jini da na mahaifa kafin masu gona su yarda ta kusanci dokinsu. Akwai kuɗin baye. Akwai motar kai ta da dawo da ita, da kuɗin kwananta a can. Hoton ciki aƙalla sau biyu. Allurai. Wata goma sha ɗaya tana ɗauke da shi, ukun ƙarshe sai an ƙara mata abinci mai kyau. Ranar haihuwa in abu ya zo da gardama, wannan ba ta ma faɗi kuɗinsa ba. Kuma duƙushin da za a haifa shekara uku zai yi yana ci kafin wani ya hau shi ko ya yi masa tayi mai kyau.

Na ce, "To riba fa?"

Ta ce, "Wa ya ce miki akwai riba? Baba ma bai ce riba yake nema ba. Cewa ya yi yana so ya ga ɗanta."

Wata goma sha ɗaya. Tun da ta faɗa nake ƙirgawa da yatsu, sai in kai tsakiya in daina.

Lahadi, 9 ga wata, bayan azahar

Akwai mai keken doki a ƙarshen layinmu, yana ɗaukar bulo da yashi. Ya ji labari, ya aiko wai ga dokinsa nan kyauta, in ba shi buhun dusa ɗaya kawai. Na je na gani. Gajere ne, mai sanyin hali, da tabon igiya a ƙirji. Ya sa hancinsa a tafin hannuna, ban gudu ba. Na dawo gida ina cewa shi ke nan, an huta, ba mota, ba gona.

Na kira likitar dabbobi da murnata. Ta ce dokin nan ba a taɓa gwada shi ba, in yana da cuta zai sa wa Tirela, maganin ya fi kuɗin bayen. Ta ce kuma abincin da ɗan ingarma zai ci shi ɗan mai keke zai ci, kuɗin baye shi ne ƙarami a cikin duk abin da zan kashe. Sai ta ƙara min wata: ana iya kawo ruwan namijin a cikin ƙanƙara, ita ta ɗura mata a nan gida, ba sai an yi tafiya ba. Amma wannan sai ta riƙa zuwa kullum tana dubawa, kuma kowane zuwa da kuɗinsa.

Da safe hanya ɗaya gare ni ban san ta ba. Yanzu uku gare ni.

Litinin, 10 ga wata, shida na safe

Jiya na tambayi likitan asibiti ko za a ƙara masa dusa. Kunu nake nufi. Ya dube ni ta saman tabarau. Likitocin nan biyu sun cakuɗe min, kowa da takardarsa, kowa da awa nawa-nawa.

Litinin, huɗu na yamma

Auta ta kira daga garin mijinta. Cikinta ya tsufa, an hana ta tafiya. Tana kuka, wai in sa mata wayar a kunnen babanta. Na sa. Bayan nan na gaya mata zancen goɗiya, ina jiran ta ce Umma kin haukace. Sai ta ce, "Umma, ke me kike so?"

Na ce shinkafata tana kan wuta.

Talata, 11 ga wata, tsakar rana

Na sayar da keken surfani. Na bar na ɗinki. Mai sayen ya zo da ɗan'uwansa suka ɗaga shi, wurin da yake ya bar fari a siminti, kusurwa huɗu. Na ja kwandon ƙyallaye na rufe wurin.

Na kira mai ingarma na ce muna zuwa jibi. Don me na zaɓi gonar? Don can Baban Auta ya yi niyya. Ko don ta fi tsada. Ban sani ba. Akwai abin da nake so in biya, ban san wa ake ba kuɗin ba.

Laraba, 12 ga wata, takwas na safe

Gwaji ya fito lafiya. Tirela ta canza, tana haniniya tana ɗaga wutsiya in dokin mai keke ya wuce ta bayan katanga. Likita ta ce lokaci ya yi.

Kafinta ya ji zancen keken. Bai shigo ba, daga bakin ƙofa ya ce, "Kin sayar da abin da ke kawo abinci don ki ƙara bakin da zai ci. Allah ya kyauta." Ya ja babur ɗinsa.

Alhamis, 13 ga wata, bayan magariba

Ƙafafuna kamar ba nawa ba.

Motar dabbobi ta zo bakwai. Aka sauke katakon hawa, Tirela ta zo bakinsa ta kafe. Mai mota ya ja, ta ja. Ya kira mutum biyu daga shagon walda suka tura ta baya, ta kai harbi, saura kaɗan ta cire wa ɗaya gwiwa. Awa ɗaya da rabi. Mai mota ya ce lokacinsa ma kuɗi ne.

Na shiga barga don in ɓoye fuskata. Rigar aikin Baban Auta tana rataye a ƙusa, tun ranar da aka kai shi asibiti. Ban taɓa ta ba tun ranar. Na ɗauka na sa a kan kayana, ban san dalili ba, sanyi nake ji ko me. Na fito, na karɓi ragamar daga hannun mai mota, na hau katakon. Ta sunkuyo ta shinshina kafaɗata, ta biyo ni kamar akuya. Masu walda suka yi tafi.

Gonar tana da tsabta fiye da ɗakin da Baban Auta yake kwance. Mai ingarma dogon tsoho ne, ido ɗaya. Dokin nasa Janar sunansa, baƙi wuluk, wuyansa kamar turmi. Da ya hango Tirela ya yi wata kururuwa sai da na dafe ƙirji. Tsohon ya ce yau za a haɗa su, jibi a sake, sannan in aiko a ɗauke ta. In ba ta ɗauka ba in dawo da ita sau ɗaya kyauta, amma mota da kwana nawa ne. In ta ɗauka ya zube, rabi. Rabin me, ban fahimta ba, na gyaɗa kai.

Ya ce ko zan tsaya in gani. Na ce Allah ya kiyaye, na je na zauna a ofis ina kallon kalanda. Ko minti biyar ba a yi ba ya leƙo: "An gama, matar Direba."

Keken surfanina, minti biyar.

Juma'a, 14 ga wata, shida na safe

Na fita da bokitin dusa har ƙofar barga kafin na tuna. Gidan ba kowa. Ba shi, ba ita.

Lahadi, 16 ga wata, biyar na yamma

An dawo da ita. Ta shiga ta sa kai a kwano kamar ba inda ta je. Na tsaya ina kallon cikinta, wai ko zan ga wani abu. Likita ta ce mako biyu kafin hoto.

Na je asibiti na gaya masa an kai ta an dawo. Ya kalle ni ya daɗe. Bai matsa ba, ko ɗaya, ko biyu.

Laraba, 19 ga wata, tsakar rana

An fara motsa masa gaɓoɓi. Wani ƙato ne ke zuwa, ya ɗaga ƙafar ya lanƙwasa, yana cewa, "Baba, taka burki! Taka!" Jiya babban yatsan ya motsa, in ji shi. Ni ban gani ba. Na ce na gani.

Asabar, 22 ga wata, bayan la'asar

Mata biyu sun zo da aikin surfani, na tura su shagon gaba. Ɗaya ta ce ina keken, na ce yana wurin gyara.

Yanzu ina iya taje mata geza. Tana son a sosa mata ƙarƙashin muƙamuƙi. Wa zai gaya min.

Talata, 25 ga wata

Ban san ƙarfe nawa ba. Ba komai yau.

Asabar, 29 ga wata, sha biyu na rana

Likita ta zo da na'urar hoto, 'yar akwati mai gilashi. Ta sa safar roba har kafaɗa, ni na riƙe ragama. Gilashin ba ya nuna komai sai hazo-hazo. Can ta ce, "Ga shi." Wani baƙin ɗigo, kamar maɓallin riga. Ta matsa kaɗan. "Ga wani kuma."

Na ce, "Biyu? Tagwaye? Kuɗin ɗaya muka biya fa!" Har na fara guɗa, Tirela ta firgita.

Likita ba ta yi dariya ba. Ta cire safar, ta wanke hannu, ta sake zaunar da ni a kan buhun nan.

Ta ce goɗiya ba tunkiya ba ce, mahaifarta ta ɗa ɗaya ce. In an bar biyu, yawanci sai su kai wata bakwai ko takwas su zube duka, wani lokaci su tafi da uwar. Waɗanda ake haifa da rai kaɗan ne, su ma raunana. Abin da ake yi shi ne a murƙushe ɗaya yanzu, tun yana ɗigon ruwa, a bar wa ɗayan wuri. Da yatsa ake yi, ba yanka. Amma kwana biyu kawai gare mu, bayan nan za su manne, aikin ya yi wuya. Kuma ko an yi, wani lokaci ɗayan ma yana bi.

Na ce, "In an bari fa, ba ya yiwuwa ɗaya ya tafi da kansa?"

Ta ce yana yiwuwa. Ta ce ba za ta sa goɗiyarta a kan yana yiwuwa ba, amma wannan ba tata ba ce.

Ba tawa ba ce ni ma.

Lahadi, 30 ga wata, goma na safe

Kafinta ya dawo, wai matarsa ta ji a bakin mai walda. Mutumin da ya ce in sayar da ita shi ne yau yake cewa, "Matar Yaya, Allah ya ba ki biyu ki ce ɗaya kike so? Wannan ai butulci ne. Ki bar su." Na ce in ta mutu fa. Ya ce rai a hannun Allah yake. Na ce na Yayanka ma, amma asibiti muka kai shi.

Auta ta ce in bi maganar likita. Sai kuma ta ce, "Wanne za a cire?" Na tuna abin da take ɗauke da shi, na yi da-na-sanin gaya mata.

Mai ingarma ya ce shekararsa arba'in a harkar, tagwaye biyu ya gani sun rayu, ya binne fiye da yadda zai tuna. Ya ce amma kada in ce shi ya sa ni.

Kowa yana da magana, ba wanda zai riƙe ragamar.

Lahadi, biyar na yamma

Na yagi takarda daga littafin nan, na zana ƙwallo biyu, na kai wa Baban Auta. Na yi masa bayani a hankali, sau biyu, yadda likita ta yi min. Mutumin da ke gadon kusa, shi da matarsa, duk suka kasa kunne. Na ɗora takardar a kan bargo kusa da hannunsa na hagu.

Ya daɗe yana kallo. Sai babban yatsansa ya zo ya rufe ɗaya.

Matar na kusa ta ce, "Kin gani, ya ce a cire." Mijinta ya ce, "A'a, wannan yake so a bari." Ma'aikaciyar jinya ta ce wataƙila hannun ne kawai ya gaji ya sauka a nan.

Na naɗe takardar na taho.

Litinin, 1 ga sabon wata, biyu na rana

An yi.

Litinin, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda aka yi, don kada gobe in ce ba haka ba ne.

Likita ta yi wa Tirela allurar kwantar da jiki, kanta ya sauko har ya dafa kafaɗata, nauyi kamar buhu. Likita tana can baya tana kallon gilashi. Ta ce za ta ɗauki ƙaramin. Ta ce in yi mata hira don hannunta ya saki, ba ta son shiru in tana aiki.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce ranar da Baban Auta ya faɗi, a kan wannan maganar muka yi faɗa. Ya ce zai kai ta baye, na ce da wane kuɗi, rufin ɗaki yana yoyo, Auta za ta haihu. Na ce tun da ya ajiye mota ba abin da ya sani sai dabba, in ya ga dama ya kwashe kayansa ya koma bargar. Ya ajiye shayinsa bai sha ba, ya fita. Na ji wani ƙara daga baya, na ce bokiti ne ya yar don in ji haushi. Na ci gaba da taka keke. Na gama siket guda, har da kalmasa, kafin na leƙa. A nan na same shi, inda nake tsaye ɗin nan, ita kuma tana tsaye a kansa ba ta motsa ba, ƙafafunta a buɗe don kada ta taka shi.

Siket guda awa ɗaya ne. Na sani, sana'ata ce.

Likita ta ci gaba da aikinta. Can ta ce, "An gama. Ga ɗayan nan lafiya." Ta juyo min gilashin, maɓalli ɗaya. Tana haɗa kayanta ta ce, "Mama, ni ta dabbobi ce. Wannan tambayar ki yi wa likitansa, kada ki zauna da ita." Na ce ai ban yi tambaya ba. Ta ce to.

Laraba, 3 ga wata, sha ɗaya na safe

Na tare likitansa a barandar nan. Na ce da an kawo shi da awa ɗaya kafin lokacin da aka kawo shi fa? Ya cire tabarau ya goge. Ya ce wataƙila da hannun ya fi haka. Ya ce wataƙila kuma da ba abin da zai canza, irin nasa yana da wuyar sha'ani. Ya ce ba wanda zai iya gaya min, kuma duk wanda ya ce zai iya, ƙarya yake.

Na so ya ce i ko a'a. Ko ɗaya, ko biyu.

Asabar, 6 ga wata, bakwai na safe

Kullum sai na duba ƙarƙashin wutsiyarta da shimfiɗar ciyawa, ko akwai jini. Babu. Likita ta ce ko ya tafi ba lallai in ga komai ba. To me nake dubawa?

Litinin, 8 ga wata, bayan azahar

Auta ta sauka. Mace. Na sa masa wayar a kunne ya ji kukan jaririyar, gefen bakinsa na hagu ya ɗaga.

Sun ce Alhamis za su sallame shi. Ba don ya warke ba, sun ce sauran aikin na gida ne.

Laraba, 10 ga wata, shida na yamma

Na dawo daga asibiti na ji bugun guduma a bayan gida. Kafinta ne, ya cire dokin ƙofar baya, yana shimfiɗa katako daga ɗaki har bakin barga, da ɗan gangare. Na tsaya. Bai ɗago ba, ƙusa a bakinsa, ya ce, "Keken marasa lafiya ba ya hawa matakala. Kuma na san ba falo zai ce a kai shi ba."

Na ce nawa ne katakon. Ya ce, "Matar Yaya, je ki dafa min shayi, kin cika surutu."

Asabar, 13 ga wata, bayan la'asar

Likita ta zo hoto na biyu. Ni da Kafinta muka turo Baban Auta a kan sabon katakon, yana ƙara kamar gada. Ya rame, hularsa har ta yi masa yawa. Tirela ta ɗago kai, ta yi wani ƙaramin gurnani da ban taɓa ji ba duk makonnin nan da nake ciyar da ita.

Likita ta sauko masa da gilashin daidai fuskarsa. Ɗigon ya girma, a tsakiyarsa wani abu yana ƙyaftawa da sauri-sauri. Ta ce, "Baba, zuciya ke nan." Ta ce har yanzu da sauran tafiya, kada mu saki jiki. Ya yi ta kallo, ruwa yana bin gefen hancinsa, kafaɗarsa tana girgiza. Kafinta ya ce kuka yake, likita ta ce dariya ce.

Da aka saki Tirela sai ta taho kai tsaye ta cusa hanci a aljihun ƙirjinsa, na hagu, tana tura shi har keken ya ja baya. Likita ta ce a nan yake ajiye mata ƙwayar sukari, kullum. Shekara tara ina wanke rigunan nan ina faɗan tururuwa a aljihu, ban sani ba.

Na kawo sukari na sa masa a aljihun. Ya ɗaga hannun hagu zai ciro, hannun ya kasa lanƙwasowa ya shiga aljihun da ke ɓangarensa. Ya gwada sau uku. Na dama ne ya saba yi, na dama kuwa yana kan cinya. A na huɗu ya buge hannun keken da ƙarfi, ya kawar da kai. Na ciro na ba ta da kaina. Bai kalle mu ba.

Lahadi, 14 ga wata, tara na safe

Riguna bakwai gare shi. Tun da na idar da sallah nake farke aljihunan ina mayar da su dama, na ɗan faɗaɗa bakin, na sauko da su yatsa biyu. Inda na cire ya bar shaida, yadin ya fi duhu a wurin, ba yadda zan yi da shi.

Na sa masa ɗaya, na tura shi barga. Hannun ya shiga, ya fito da sukarin. Ita kuwa ta tafi hagu tana ta shinshinar inda babu komai, yana miƙo mata ta nan, tana nema ta can. Sai ya yi wani sauti, gajere, mai kaifi, irin wanda yake wa masu babur in sun sha gabansa. Ta juyo.

Saura riguna huɗu. Baƙin zare ya ƙare, sai gobe in an buɗe kasuwa.